Kundin aikin akurki: yadda kajina suka koyi hawa matakala

Asabar, 13 ga Yuli, 2024

Ruwan da aka tafka daren jiya ya kwanta a tsakar gida har ya shiga tsohon akurkin laka da ke gindin katanga, kuma da gari ya waye na tarar da Noila shida, wato wani nau'in kaji masu nauyin jiki, sun cure a lungu ɗaya, sun jiƙe sharkaf, suna rawar sanyi. Wannan ne karo na uku tun da damina ta kankama, saboda haka na yanke shawarar a yi musu akurkin katako mai ƙafafu wanda zai ɗaga daga ƙasa, na kuma buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe.

Kajina goma sha ɗaya ne. Akwai Noila shida masu mako goma, waɗanda na saya suna da mako biyar daga hannun wata mata da ta raine su a kan daɓen siminti, ba su taɓa hawa abin da ya fi bakin kwanon abincinsu tsawo ba. Akwai kuma kajin Hausa huɗu da zakara ɗaya, waɗanda tun suna ƙanana a kan darbejiyar da ke bayan madafa suke kwana, ko ana ruwa ko ba a yi. Na kira kafintan unguwarmu ya auna wuri, mun tsayar da ƙafa shida a tsawo, ƙafa huɗu a faɗi, daɓen kuma ya yi ƙafa uku daga ƙasa.

Laraba, 17 ga Yuli

Maigida da kafinta sun je 'Yan Katako a Na'ibawa sun sayo kaya. Falanki takwas sun ci N36,000, tu-bai-tu (katako mai inci biyu-biyu) goma N9,000, katakon ƙafafu N6,000, kwanon rufi uku N15,000, ragar waya yadi huɗu N7,200, ƙusa da sakata da sauran tarkace N4,800. Kuɗin aiki mun daidaita a kan N20,000, wato jimilla N98,000 ke nan. An shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara.

Lahadi, 21 ga Yuli

An gama aiki bayan azahar. Akurkin ya yi kyau, yana da babbar ƙofa ta baya don shara da ɗaukar ƙwai, da ƙaramar ƙofa ta gaba don kaji, da sandunan kwana biyu a ciki, na kuma shimfiɗa ɓuntun shinkafa a daɓen. Abin da ya rage na falanki, guntu mai ƙafa huɗu, shi kafinta ya jingina daga ƙaramar ƙofa zuwa ƙasa, ya kafe shi da ƙusa biyu ya ce matakala ke nan. Na tambaye shi ko bai yi tsaye da yawa ba, sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kaza ai ba a koya mata hawa." Ban yi gardama ba, domin ni ma haka na ɗauka.

Da magariba ta ƙarato na ɗauko kujera na zauna ina kallo. Kajin Hausa ko kallon akurkin ba su yi ba, suka bi hanyarsu ta kullum, daga kan turmi zuwa kan katanga, daga katanga zuwa reshe. Noila kuwa suka nufi inda tsohon akurki yake, wanda aka riga aka rushe, suka yi ta zagaya wurin suna kuka, daga ƙarshe suka shige ƙarƙashin sabon suka kwanta a ƙasa. Ni da autana muka kama su ɗaya bayan ɗaya muka tura ta babbar ƙofa. Na bar na kan bishiya.

Litinin, 22 ga Yuli

Da safe na buɗe ƙaramar ƙofa, babu wadda ta fito sai da aka yi kusan awa ɗaya, kuma da suka fito durowa suka yi, ba su taka matakalar ba. Da yamma mun sake kamawa da hannu.

Talata, 23 ga Yuli

Babu abin da ya sauya. An kama su da hannu.

Alhamis, 25 ga Yuli

Yau na ɗauki ɗaya daga cikin Noila da rana tsaka na ɗora ta a tsakiyar matakalar domin in ga abin da ke hana su. Da na sake ta sai ta buɗe yatsu tana neman abin kamawa, faratanta suka yi ta karce katakon ba su samu ba, ta zame a hankali tana bugun fukafukai har ta dira ƙasa, ta ruga ta ɓuya bayan randa. Falankin gogagge ne, sumul kamar allo, kafinta ya goge shi ne don ya yi kyau. Na ji kunyar kwana huɗun da na yi ina ce musu daƙiƙai.

Autana, wanda yake babbar sakandare, ya kawo ma'auni ya lissafa. Tunda ƙofar tana ƙafa uku daga ƙasa, falankin kuma ƙafa huɗu ne, miƙewarsa ta kai kusan digiri 49. Ya ce idan ana son ta sauko zuwa digiri 30, dole tsawon falankin ya ninka tsayin ƙofar sau biyu, wato ƙafa shida. Wannan lissafi yana da sauƙin riƙewa, kuma da na san shi kafin a yanka katako da ban bari an yi mana matakala da ragowar falanki ba. Na aika wa kafinta, ya ce yana da aikin rufi a wani gida, sai mako mai zuwa.

Asabar, 27 ga Yuli

Mun yi asara. Jiya mun je biki a Wudil, ba mu dawo ba sai bayan isha'i, ga ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Na haska tocila ƙarƙashin akurki na ƙirga Noila biyar, na tura su ciki, na ɗauka ta shidan ta raɓe ne a wani lungu. Da safe muka tarar da gashinta a warwatse bayan madafa, da sawun muzuru a kan laka, da ragowarta a gindin katanga. Ita ce mafi girma a cikinsu, kuma mafi nauyin tafiya.

Laifin nawa ne ta fuska biyu. Na rushe tsohon akurki tun kafin su saba da sabon, na kuma bar ƙarƙashin sabon a buɗe ta kowane ɓangare, ya zama wurin da kaza take jin ta ɓuya alhali muzuru yana iya shigowa ta inda ya ga dama. A tsohon akurkin ruwa ne kawai yake damun su, amma aƙalla akwai murfi. Yau na kewaye ƙarƙashin da ragowar raga da tsofaffin kwanuka domin kada su ƙara samun wurin kwana a can, kuma daga yanzu ko ina za a je sai an bar wanda zai rufe kaji.

Talata, 30 ga Yuli

Kafin kafinta ya zo na yi gyaran wucin gadi. Na ɗora gindin falankin a kan bulo mai inci tara don ya rage miƙewa, na yanka tsohon buhun algarara na lulluɓe shi, na kafe da ƙananan ƙusoshi. Noila biyu sun hau har tsakiya suna bin tsabar gero, amma da suka kai inda suke iya leƙa ƙofa sai suka tsaya, suka miƙa wuya, suka juya suka duro. Buhun ya taimaka wajen kamawa, sai dai ruwan yamma ya jiƙa shi, kashin kaji ya manne, kuma na ga alamar ba zai yi mako biyu ba zai ruɓe.

Juma'a, 2 ga Agusta

Tun jiya gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24 saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, don haka babu maganar kafinta. Inna, mahaifiyar maigida, wadda ta zo duba mu dokar ta ritsa da ita a nan, ta saurari labarin kajin ta ce, "'Yar nan, kaza ba ta san ɗaki ba sai ta kwana ta wuni a cikinsa. Ki kulle su kwana uku, kada ki ji tausayinsu." Daren jiya maigida ya hau tsani da tocila ya sauko da kajin Hausa huɗu da zakara daga darbejiya, kuma abin mamaki ko motsin kirki ba su yi ba, domin kaza a cikin duhu kamar an ɗaure ta take. Yanzu duka goma suna ciki, da ruwa da abinci. Mutanen gida da kaji duk muna ƙarƙashin doka ɗaya.

Abin da na sa wa ido shi ne zafi da faɗa. Damina ce, iska na shiga ta raga, don haka zafi bai dame su ba. Faɗa kuwa an yi, musamman wake-waken tsohuwar kazata, wadda ta hau sandar sama ta hana kowa matsowa kusa da ita. Na ƙara kwanon abinci na biyu a ɗaya kusurwar don Noila su samu ci.

Litinin, 5 ga Agusta

Na buɗe musu da la'asar maimakon safiya, domin kada su yi nisa kafin duhu ya yi. Shawarar Inna ta yi aiki, amma rabi. Kajin Hausa huɗu sun koma akurki da kansu kafin a kira salla, sai dai ba ta matakala ba: kowace takan tsaya a ƙasa, ta karkata kai ta auna ƙofar, ta buga fukafukai sau biyu, sai ga ta a ciki. Zakara ya koma bishiyarsa. Noila biyar sun taru a gindin matakalar suna ɗaga kai suna kuka, wanda ya nuna sun gane nan ne gida, hanyar shiga ce ta gagare su.

A nan na fahimci cewa matsaloli biyu nake fama da su ina ɗaukar su ɗaya. Kajin Hausa suna iya hawa, wurin kwana ne ba su yarda da shi ba, kuma kulle ya magance wannan. Noila sun yarda da wurin, amma jikinsu ya yi nauyin tashi sama, kuma babu wadda za su kwaikwaya, tunda waɗanda suka riga su shiga da fukafukai suke shiga.

Alhamis, 8 ga Agusta

Kafinta ya zo. Ya kawo falanki marar gugu mai faɗin inci goma sha biyu, ya yanka ƙafa shida, ya tsaga ragowar tu-bai-tu ya yi 'yan sanduna masu kaurin kusan rabin inci, ya gicciya su a kan falankin. Da farko ya so ya ba su tazarar inci shida don aiki ya yi sauri, na ce a yi inci uku, saboda na lura takun kaza a kan gangara gajere ne, tana so ƙafa ɗaya ta sami abin tokarewa kafin ta ɗaga ɗayar. Sanduna ashirin da uku suka shiga. Na sa ya bar bulon a gindi, wanda autana ya ce ya sauko da miƙewar zuwa kusan digiri 22, na kuma sa ya maƙala saman da ƙugiya biyu a maimakon ƙusa domin a iya cirewa a wanke. Na taka ta da ƙafa ɗaya na girgiza, ba ta motsa ba. Tsohuwar tana rawa idan kaza ta hau, kuma ina ganin wannan ma yana cikin abin da ya tsorata su.

Falanki N4,800, aiki N2,000. Da zai tafi ya ce, "Hajiya, wannan ko tsohuwa ta hau." Ban tuna masa maganarsa ta farko ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Na fara koyarwa sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan la'asar, kafin a ba su abinci, domin ƙosasshiyar kaza ba ta bin tsaba. Ina zuba gero kaɗan a bayan kowace sanda, ƙasa kaɗan, sama da ɗan yawa, sannan in ajiye dusa mai ɗan ruwa a bakin ƙofa daga ciki. Matsalar farko ita ce kajin Hausa sun fi su wayo, sukan tsince geron kaf kafin Noila su yanke shawara, don haka sai na kore su bayan gida tukuna. Noila uku sun kai har sama da rana. Ƙaramar cikinsu, wata ja mai ɗan baƙi a wuya, ta shiga ta ci dusa ta fito. Amma da magariba duk biyar ɗin sun sake tsayawa a gindi.

Wake-wake ta fara kwanci tun jiya a kusurwar akurki, a kan ƙwai tara.

Talata, 13 ga Agusta

Kwana uku ina mamakin yadda kazar da ta hau da rana take ƙin hawa da yamma, sai jiya na durƙusa daidai tsayin kaza na leƙa ƙofar a lokacin da suke tsayawa. Rami ne baƙi ƙirin. Tsakar gida tana da sauran haske, amma cikin akurkin dare ya riga ya yi, domin ragar da aka sa tana fuskar gabas ne, katangar maƙwabta kuma ta tare ta. Inna ta taɓa cewa kaza dundumi gare ta, ban ba maganar muhimmanci ba. Kajin Hausa suna shiga da wuri, tun da sauran haske, Noila kuwa sai su tsaya kan kwanon abinci har lokaci ya ƙure musu.

Na sayi ƙaramar fitila mai cajin rana N3,500, na rataya ta a ciki nesa da ɓuntu, na kunna da ƙarfe shida da kwata, na kuma ɗauke kwanon abinci daga waje da wuri. Jar ce ta fara. Ta taka sanda biyar ta tsaya, ta kalli ƙasa, ta ci gaba, ta tsaya a bakin ƙofa kusan minti ɗaya kafin ta shige. Biyu suka bi bayanta kamar an ja su da zare. Ta huɗu ta kai tsakiya ta kwanta a wurin, sai da na tura ta a hankali daga baya. Ta biyar na ɗora ta a sanda ta goma na riƙe ta har ta taka da kanta, ban ɗauke ta na saka ciki ba, domin na gane kamun da muke yi musu tun farko ya koya musu su zauna su jira a zo a ɗauke su ne. Na kashe fitila bayan sun natsu.

Alhamis, 15 ga Agusta

Huɗu sun shiga da kansu, ɗaya da taimako.

Lahadi, 18 ga Agusta

Duk biyar sun shiga da kansu kwana biyu a jere. Zakara ma ya sauko daga bishiya ya bi matansa, bayan maigida ya sare reshen da yake hawa ta kansa. Na daina zuba gero.

Laraba, 21 ga Agusta

Ɗaya daga cikin Noila tana ɗingishi. Na juya ƙafar na ga tafin ya kumbura, da ɗan baƙin ɓawo a tsakiya. Mai shagon maganin dabbobi ya ce irin wannan yakan faru ne idan kaza mai nauyi tana dirowa kan wuri mai tauri, ko wani abu ya soke ta, ƙwayar cuta ta shiga ta wurin raunin. Na duba matakalar da hannu na sami bakin ƙusa ɗaya da ya leƙo a sanda ta bakwai, na doke shi. Amma ina ganin dirowar ce ta fi, domin duk hankalina yana kan hawa, ban kula da cewa da safe har yanzu cunkushewa suke yi a ƙofa, na baya su turo na gaba, su faɗo kan bulo ba.

Na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri na minti goma, na shafa aidin, na naɗe, na ware ta a kwali. Aidin da bandeji N1,500. Na zuba yashi buhu biyu a gefen matakalar, na kuma sauya yadda nake buɗe ƙofa: ina jira gari ya waye sosai, in zuba tsaba a kan sandunan sama maimakon tsakar gida, don kada su yi gaggawar durowa. Saukowa ta fi hawa yi musu wuya, sukan karkace su riƙa tafiya a gicciye, ƙirji ƙasa, wutsiya sama.

Litinin, 26 ga Agusta

Kumburin ya sauka, ta koma cikin 'yan'uwanta. An cire matakala an kankare gansakuka da kashi, an shanya ta a rana.

Juma'a, 30 ga Agusta

Wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai cikin tara, daidai kwana 21. Ban yi tunanin wannan ba lokacin da na bar ta ta yi kwanci a sama.

Lahadi, 1 ga Satumba

Abin da na ji tsoro ya faru. Da safe uwar ta duro tana kiransu, 'yan tsakin suka biyo ta, uku suka gangaro ta matakala suna tuntuɓe da sanduna, huɗu suka faɗo ta gefe. Yashin ya cece su, babu wanda ya ji ciwo. Da yamma ta hau ita kaɗai ta zauna a ƙofa tana kira, su kuwa suna zagaye gindin bulo suna tsiwa, domin inci tara a wurinsu katanga ce. Ta sauko, ta sake hawa, ta sake saukowa, daga bisani ta haƙura ta tattara su ƙarƙashin fukafukanta a ƙasa, daidai wurin da muzuru ya taɓa yi mana ɓarna. Na sayi babban kwando N2,200, na kife su da shi a cikin zaure, na danne da dutse. A can za su riƙa kwana har su yi gashi.

Asabar, 14 ga Satumba

Kuɗin da aka kashe zuwa yau N112,000 ne, ban da kazar da aka rasa. Manyan tara suna shiga da kansu, kuma lokacin shigarsu yana matsowa gaba da kaɗan-kaɗan yadda rana take saurin faɗuwa, don haka agogo bai da amfani wajen rufe ƙofa, sai dai a duba haske. 'Yan tsakin sun cika mako biyu, sun fara hawa bulo da tsalle, biyu daga ciki na gan su a sanda ta huɗu suna wasa.

Ranar Talata kafinta zai zo ya huda taga ta fuskar yamma ya sa mata raga, domin hasken yamma ya shiga a daina dogaro da fitila, wadda takan ƙi caji idan an wuni da hadari. Zai kuma kafa siririn katako a gefe biyu na matakalar saboda ƙananan, ya ajiye rabin bulo a gaban babban ya zama hawa biyu. Na ware N6,000 don wannan. Idan sun kai mako huɗu zan mayar da su akurki tare da uwarsu in kulle su kwana uku, sauran kuma su wuni a waje. Rigakafin Lasota, wato na cutar Newcastle, na gaba ɗayansu na tsayar da yin sa a farkon Oktoba, kafin hunturu ya shigo.